Izinin da ke Ƙasan Shafi

A gidanmu na Bodinga makaranta biyu ce. Ta zaure ta mahaifina ce, wanda duk unguwa ke kira Malam, har mu da ya haifa. Nan magidanta ke zuwa da littattafansu in sun taso daga gona, wasu da laka ta fadamar albasa a ƙafa. Ta cikin gida kuwa ta matan aure ce, goggona ƙanwar Malam ke riƙe da ita tun ban san kaina ba, daga azahar zuwa la'asar. Doka ɗaya ta haɗa makarantun biyu: ba mai zama ya koyar da komai a gidan sai ya faɗi wurin wa ya karɓo, kuma sai in wancan ya yi masa izinin bayarwa. Wannan izinin shi malamai ke kira ijaza. Na taso ina jin dokar a bakin kowa, ban taɓa kawowa a raina wata rana ni za ta tare ba.

Ni boko aka sa ni, na zama malamar firamare, aure ya kai ni Shagari. Aji uku nake riƙewa. In na yi rubutu a allo na karanta, yaran su amsa da ƙarfi har kwanon rufin ajin ya ɗauka. In na ɗora sanda a kan kalma ɗaya ta tsakiya na ce wa zai karanta, sai ka ji shiru, kowa ya sunkuyar da kai yana gyaran takalmi. Shekaru na yi ina ɗora laifin a kan yaran, da iyayensu, da hedimasta, da wanda ya sa hedimastan. Bakina ba ya gajiya, wannan kowa ya shaida. Kaina ne kaɗai ban taɓa tuhuma ba.

Wata rana wata abokiyar aikina ta turo saƙo a zauren malamai na waya. Wai wata jami'a ta ƙasar waje ta buɗe kwas a intanet kan koya wa yara karatu da harshensu na gida, kyauta, ba jarrabawar shiga, ba a tambayar takardun kowa. Na ce ƙarya ce, wa ke gina makaranta ba ƙofa ba maigadi? Na shiga ne don in kama su. Sai na iske jama'a maƙil a ciki, daga ƙasashen da sai a taswira na san su, kowa yana gaisuwa yana faɗin garinsu. Ni ma na rubuta Shagari, na ƙara da Sakkwato don a san inda aka fito.

Sabis a makarantarmu sai ya ga dama. Saboda haka duk Asabar in na tafi gaida gida, sai in sauka a bakin titin Bodinga inda yake da ƙarfi, in tsaya a rumfar wani shago in sauke bidiyon darussan mako, sannan in ƙarasa. In an fita hutun ƙarfe tara a makaranta, sauran malamai suna hira, ni ina gindin dogonyaro da waya a hannu. Malamar kwas ɗin wata dattijuwa ce mai farin gashi, Turancinta kamar ana kora ta. Na gano inda ake rage saurin magana, na mayar da ita tana jan kalma ɗaya ɗaya, muka daidaita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran aiki. Ba malamar ke duba aikinmu ba, mu ɗalibai ke duba na juna. Na tsara darasi na tura ina jiran yabo, sai wani bawan Allah daga can wata uwa duniya ya rage mini maki, ya rubuta cewa yarana hadda suke yi ba karatu ba, in fara koya musu sautin kowane harafi su haɗa da kansu. Kwana biyu ina faɗa da mutumin nan a zuciyata. Shi wa? Ya taɓa tsayawa gaban aji a zafin bazara? Rana ta uku na gwada abin da ya ce don in tabbatar masa ba ya aiki. Ya yi aiki. Har yau ban yafe masa ba, amma ina yi masa fatan alheri.

A kwas ɗin aka nuna mana wata taska ta ƙananan littattafan labarai masu hoto, da jagorar koyarwa da malamar ta rubuta, aka ce kowa na iya ɗauka ya fassara ya gyara yadda ya dace da yaransa. Ai kuwa na zage. Na fassara labarai shida. Inda aka ce yarinya ta tsinko wani ɗan itacen da ba mu san shi ba, na mayar da shi magarya. Inda aka yi maganar kamun kifi a teku, na kai su ban ruwan albasa. Na haɗa su littafi ɗaya, na kai shagon kwamfuta a Bodinga aka buga mini kwafi arba'in. Don shafi biyu su shiga takarda ɗaya, na ce a yanke wasu ƙananan layuka da ke ƙarshen kowane labari, rubutu sirara da ban taɓa tsayawa na karanta ba. A bango kuwa na sa aka rubuta sunana da manyan baƙaƙe, har da Malama a gabansa.

Kafin zango ya ƙare yaran ajina suka fara karanta allunan shaguna a kan hanya, suna tsayawa suna haɗa sauti har su makara. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Labari ya kai Bodinga, matan makarantar goggo suka taso ta a gaba. Su Alƙur'ani suna karantawa, ajami ma ba ya gagarar da yawansu, amma boko ya tsaya musu. Katin asibiti sai an karanta musu, takardar magani sai an karanta musu. Wata ta ce mijinta in ya kai albasa kudu ya turo saƙo a waya, sai ta nemi mai karantawa, kuma ba kowace magana ta miji ce ake son maƙwabciya ta ji ba. Goggo ta kira ni ta ce ita ta yarda in riƙa ba su darasi duk Asabar. Sai dai ta nuna zaure da baki, ta ce in fara ta can.

Na sami Malam da hantsi, ɗalibai sun watse. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni, na miƙa littafina da takardar shaidar gama kwas a fuskar waya. Ya sa tabarau ya duba takardar kamar mai iya karanta ta, ya miƙo mini.

"Wa ab ba ki karatun ga?"

"Allah shi gafarta Malam, wata malama ta, ta wata jami'a can ƙasar Turawa."

"Ta san ki?"

"Ba ta san ni ba. Muna da yawa ƙwarai."

"Kin taɓa zama gabanta kin biya, taj ji?"

Na ce a'a, 'yan'uwana ɗalibai ke duba aikin. Ya cire tabarau ya dube ni, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya tsallake layi.

"Wadda ba ta san ki ba, ba ta ji karatunki ba, yaushe tac ce ki bayar? Takardag ga na'ura tab ba ki ita. Ki koyar can makarantakku ta gwamnati, su ba su tambaya. Nan gida kau, a'a."

Ko ruwa ban sha ba na koma Shagari. A mota ina ta tsara amsoshin da ya kamata in ba shi, kowace ta fi ta baya kaifi. Abin ya yi mini zafi ne don na san ba ƙiyayya ce ba. Da ƙin boko ne da sauƙi, sai in ce tsufa. Amma shi ya kai ni makarantar da hannunsa. Abin da ya faɗa mini a taƙaice shi ne karatuna ba shi da asali, ni kuwa na san wahalar da na sha a kansa da abin da ya yi wa yaran ajina. Asabar biyu ban taka Bodinga ba. Goggo ta aiko a ce mini matan na tambaya, in kuma fushi nake da mahaifina to in zo in yi shi a gabansa, ta gaji da ba da haƙuri a madadina.

Na koma da hujjata a shirye. Na ce masa littattafan nan ba a neman izini a kansu, don ba su da mai su, an zuba su ne kowa ya ɗiba. Ina tsammanin na kawo ƙarshen magana. Ashe na ƙara ɓata ta.

"Babu rubutun da ba shi da mai shi," in ji Malam. "Wani yaz zauna yar rubuta. Nuna min na asali."

Na buɗe labarin farko a waya na miƙa masa. Shi bai iya boko ba, balle Turanci, amma ya shekara sittin yana juya littattafan da aka kwafa da hannu, kuma duk mai wannan aikin ƙarshen littafi yake fara dubawa, don nan marubuci ke faɗin ko shi wane ne, mai kwafa ma ya sa sunansa ya roƙi addu'a. Hotunan ko kallo ba su ishe shi ba. Ya ce in kai shi shafin ƙarshe. Ya ɗauki littafina na takarda ya buɗe ƙarshen labarin, ya jera su biyu a kan gwiwarsa. Ya daɗe yana duba wannan yana duba wancan, sannan ya ɗora farce a ƙasan wayar.

"Wanga ƙanƙanen rubutu, akwai shi nan, babu shi ga naki. Mi shika cewa?"

Na karɓa na ƙara girman rubutun. Gaskiya a ranar na fara karanta shi. An yi bayaninsa a kwas, a wani darasi da na wuce da gudu don na ga ba maganar aji ba ce. Na fara fassarawa ina in'ina. Akwai sunan wadda ta rubuta labarin da na wanda ya zana hotuna. Sai kuma aka ce an yarda kowa ya kwafi wannan littafi, ya fassara, ya sauya, ya koyar da shi, da sharaɗin ya ambaci masu shi, kuma duk abin da ya fitar daga cikinsa ya bar wa na bayansa da irin wannan izini.

"Koma karantawa," in ji shi.

Na sake. Ya ce in buɗe jagorar malamar tawa in duba ƙarshenta. Layukan na nan, da sunanta a sama. Malam ya ajiye wayar a kan tabarma. Da ya buɗe baki, muryarsa ta sauko ƙasa.

"Wagga ai ijaza ta. Malaman da na yin irinta, su ce sun yi izini ga dut wanda littahin ya kai gare shi, ko ba su gane shi ba. Ban san akwai masu yi har yanzu ba." Ya ɗaga littafina, ya juya bangon ya fuskance ni, sunana ɓaro-ɓaro. "Mutanen ga sun ba ki izini tun ba ki roƙa ba. Abu biyu kaɗai sunka nema. Ke kau kin sa almakashi kin yanke su, kin aza kanki."

Na sha faɗa a rayuwata, na kuma mayar da martani ga waɗanda suka girme ni. Ranar kuwa sai na sunkuyar da kai. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na zo in nuna masa karatuna na da asali, ashe asalin na nan, ni na datse shi da hannuna don in rage takarda.

Ran Litinin na karɓe littattafan daga hannun yaran ajina, suna ta tambaya ko sun yi laifi ne. Na ce laifin na malamarsu ne, ba su yarda ba. Mako guda na yi, duk hutun tara da duk bayan la'asar, ina rubuta layukan nan da biro a ƙarshen kowane labari, da Hausa, a kwafi arba'in. Sunayen masu wuyar faɗi ne, wasu daga gabashin Afirka, wasu ban ma san ƙasarsu ba, na bi su harafi harafi don kada in ɓata sunan mutum bayan na riga na taɓa shafe shi. Yatsana ya yi kanta. Da na gama na yanko farar takarda na manne a kan sunana na bango da gam, littafi bayan littafi, har ba a ganin ko wutsiyar harafi. Na ji sanyi a raina da na yi hakan.

Asabar na kai su a buhun siminti da na wanke. Malam ya sa aka kira goggo, ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida. Ya ce in karanta masa sunayen. Ina faɗa yana maimaitawa, in ya karkace in gyara masa, bai bar suna ba sai da ya zauna a harshensa. Sannan ya yi musu addu'a, Allah ya saka wa kowa da alheri gwargwadon niyyarsa. Goggo ta shafa.

"Saura ji," ya ce. "Ba a barin mutum shi koyar ba a ji shi ba. Ni ban iya bokonki ba, balle in kama ki. Ga goggonki nan, ita ma ba ta iya ba. Koya mata in gani."

Goggo ta ce ita da ta haura saba'in za a yi gwaji da ita? Amma ta matso. Na rubuta haruffa huɗu a bayan takarda na faɗa mata sautin kowane. Ta fara daga dama yadda idonta ya saba, na riƙe yatsanta na mayar da shi hagu, ta harare ni ta ce komai na boko a birkice yake. Muka yi ta yi. Ban bari ta maimaita bayana ba, na bar ta tana haɗawa da kanta, tana tsaki tana komawa. Kafin a kira azahar na rubuta wata kalma da ban faɗa mata ba, da haruffan nan dai, na tura gabanta na naɗe hannu. Ta motsa baki sau biyu, sannan ta faɗe ta daidai. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta ce, "Au, dama abin ga ke nan kuka yi muna yanga da shi?"

Malam bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa ya motsa. Ya jawo littafi ɗaya daga buhun, ya shafa farar takardar da na manna a bango, ya buɗe ƙarshen labari ya bi layukan birona da yatsa.

"Sunayen da kik karanta min, dut na ji su. Ina naki?"

"Na cire shi, Malam. Ba ni ar rubuta ba."

"Wa am maishe shi Hausa? Wa as sa magarya da albasa?"

Na ce ni ce.

"Da kin aza kanki bisa gare su, ba daidai na ba. Yanzu kin hidda kanki gaba ɗai, shi ma ba daidai na ba. In mace ta iske kure cikin littahin ga, wuyan wa za ta kama? Na mutanen da ba su san Hausa ba? Kuma in ta so yin addu'a ga wadda tak kawo mata shi, ta ce wa? Sa sunanki ƙarƙashin nasu. Nan am mazauninki."

Na ciro biro daga jaka. Na dafa littafin a kan tabarmar zauren, na rubuta a ƙasan sunayen cewa wance 'yar wane ta Bodinga ta fassara ta gyara, kuma ta bar izinin yadda ta same shi. Ya karɓa ya duba, ko da yake bai iya karanta boko ba, ya miƙo na biyu. Haka muka yi, yana miƙowa ina rubutawa, har kiran salla ya tashe shi. Ya sa takalmi, ya tsaya a bakin zaure, ya yi magana da goggo ba tare da ya waiwayo ba.

"A ba ta bayan azahar. In sun tambayi wa ab ba ta, ta hwaɗa musu. In sun nemi shaida, ni na."

Goggo ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce in taso matan sun fara shigowa. Na ce ina zuwa. Sai da na goge idona da gefen mayafi, don ban yarda su fara ganin malamarsu a haka ba, sannan na ɗauki buhun na bi ta.